Burodin Talaka a Teburin Biki

Ranar 17 ga Maris ta kowace shekara mutanen ƙasar Ayalan ke bikin tunawa da Waliyyi Patrick, kuma da wuya a rasa burodin soda a teburinsu. Abin da ya fi burge ni da burodin nan shi ne asalinsa: abincin talaka ne. Alkamar ƙasar ba ta tashi sosai da yis, saboda haka da hodar soda ta iso musu a ƙarni na 19, sai matan karkara suka riƙa haɗa ta da tsala. Tsamin nonon ke motsa sodar, ƙullun ya kumbura.

Kayan haɗin huɗu ne kacal: fulawa giram 450, soda da gishiri ƙaramin cokali ɗaya-ɗaya, sai tsala kimanin mililita 400. Ba a murza shi da yawa. A dunƙule, a tsaga samansa gicciye don cikinsa ya nuna, a gasa kamar minti 40.

A bikinsu na 31 ga Oktoba kuwa, barmbrack suke gasawa. Busasshen inabi kan kwana cikin ruwan shayi, a kuma ɓoye zobe a ƙullun. Wai wanda ya tsince shi aurensa ya kusa.

Ina ganin akwai darasi a nan ga mai cin bashi don ƙawata teburin biki. Waɗannan mutane abin da ke hannunsu suka gyara, har ya zama abin alfaharin ƙasa. Daidai ruwa, daidai tsaki.