Cire Madubi Ba Zai Mayar da Boxer Harley Ba

A wannan makon ina so mu taɓa maganar babur, musamman manyan nan masu faɗin taya da dogon wuya, waɗanda hotunansu ke yawo a wayoyin yayyenmu, har wasu a cikinmu suka zana su a bayan littafin lissafi. Ba na ganin laifin wanda ya yi sha'awarsu, don abin kallo ne. Abin da nake ja da shi shi ne yadda sha'awar ke ƙarewa a kan babur ɗin gida, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Mu fara sanin abin da muke sha'awa. Sunan da ya fi fice a irin waɗannan babura shi ne Harley-Davidson, kamfanin da aka kafa a birnin Milwaukee na Amurka a 1903. Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sojojin da suka koma gida sun riƙa sayen baburan soja da suka rage a kan araha, suna ɓalle duk wani ƙarfe da ke ƙara musu nauyi. Daga baya, a shekarun 1960, sai masu gyara suka shiga yanke ƙashin babur ɗin kansa suna sake waldawa, suna tsawaita ƙarafan tayar gaba, suna ɗaga kan sama har sai mai tuƙi ya miƙa hannu kamar mai shanya. Sunan chopper daga wannan yanke-yanken ya samo asali. Fim ɗin Easy Rider na 1969 shi ya yayata shi a duniya.

To, ga lissafi. Samfurin Harley da ake kira Fat Boy ya haura kilo 300, wato nauyin buhun masara uku. Injinsa ya wuce cc 1,800. Bajaj Boxer ɗin da ke kai mu kasuwa, wanda ake ƙerawa a Indiya, cc 100 ne, nauyinsa kuma buhu ɗaya ne da ɗan ɗori. Kuɗin sabon Fat Boy a can Amurka ya haura dala 20,000, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Ku buga da kanku a canjin yau ku ga gona nawa ke nan. Lita ɗaya ba ta kai shi fiye da wajen kilomita 20, alhali Boxer na ninka haka har da ƙari. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kowa a nan ya san abin da lita ɗaya ke nufi a aljihun mahaifinsa.

A ce ma an ba ka shi kyauta. Ina za ka hau? An ƙera shi ne don miƙaƙƙen titi mai santsi, inda mutum zai yi awa biyu bai taka birki ba. Tsakanin cikinsa da ƙasa bai wuce santimita 13 ba, shi kuwa mai dogon wuyan ba ya son kwana ko kaɗan. Ka ɗora shi a kan hanyar gona da ta bi ta fadama a watan Agusta, ko ka ce za ka kutsa da shi cikin kasuwar Makarfi tsakanin amalanke da damman rake. Idan ya kwanta a taɓo sai ka tara mutane kafin ya tashi, idan kuma ƙafarka na ƙarƙashinsa, wannan wani labarin ne. Sannan ranar da ya ƙi tashi fa? Bakanikenmu gwanin kafireta ne, da kunne yake gane ciwon inji. Sababbin Harley ba su da kafireta, kwamfuta ce ke auna musu mai, kuma da bel suke juya tayar baya maimakon sarƙa. Fulogi da sarƙar Boxer kuwa a kowane shago za ka same su, daga nan har Ikara.

Ban kawo wannan don in kushe babur ɗin ba. Mai kuɗin da ya saya a Abuja ko Legas, yana da titin hawa da mai gyara, Allah ya sa alheri. Damuwata tana nan gida. Da yake babban ya fi ƙarfinmu, sai mu koma kan ƙaramin. A cire madubai biyu wai sun sa babur ya yi kama da na tsofaffi. A huda salansa ko a zare cikinta don ta riƙa ƙara. Ranar Sallah ko ranar rakiyar amarya a fito titi ana ɗaga tayar gaba, mutum uku a kan kujera ɗaya, ana kurɗawa tsakanin motoci, 'yan mata na ihu, mu kuma muna ɗauka yabo ne.

Waɗancan masu yankan babur na Amurka nasu suke yankewa, da kuɗinsu, bayan sun iya walda sun san inji ciki da waje. Mu kuwa na wa muke lalatawa? Na Baba, ko na Yaya da ya karɓo bashi yana biya duk mako. Shi ne ke kai taki gona, shi ke ɗauko kwandon tumatir da mazarƙwaila zuwa bakin titi, shi ne motar asibitin gidan idan naƙuda ta tashi da tsakar dare. Yaron da ya kayar da shi wajen burgewa ya taɓa abincin gida gaba ɗaya, ko da shi ya tashi ba ƙwarzane. Galibi kuma ba a tashi haka. Wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Koyarwa na Shika, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ya ga samari da ƙarfe a ƙafa. Ya tambayi masu jinya me ya kawo su.

Wani zai ce ai madubi ba ya hana haɗari, ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara. Amma wanda ya hau titin Zariya zuwa Kano ba madubi, dole sai ya waiga kafin ya san tirela na bayansa, kuma a wannan waigen ne ake cin karo da abin da ke gaba. Salansar da aka huda ma ba ta ƙara wa cc 100 ƙarfi, tana dai tayar da jarirai ta kuma hana mai tuƙin jin hon.

Hular kwano kuwa kamar abin kunya muka ɗauke ta. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta a watan Janairun 2009, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka riƙa kifawa a ka don su wuce jami'ai, har labarin ya kai kafafen watsa labarai na ƙasashen waje ana dariya. Alhali alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa sun nuna hular, idan an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69. Dokar ƙasa ma ba ta ba da lasisin tuƙi sai mutum ya kai shekara 18. A ajinmu mutum nawa ne suka kai?

Mu kuma tuna cewa hawan babur a jihar nan abu ne da hukuma ke iya dakatarwa. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta hana hawan babur baki ɗaya na wata uku saboda matsalar tsaro, kuma mun ga yadda mutanen ƙauyuka suka sha tafiyar ƙasa. Wancan dalilinsa daban ne, na sani. Sai dai duk wanda ke neman hujjar a sake takura wa masu babur, wasan banzan da muke yi a titi yana miƙa masa ita a ruwan sanyi.

Idan da gaske inji ne ke burge ka, akwai inda ake zuwa. Masu gyaran baburanmu su ma suna sauya wa babur fasali, sai dai su ƙari suke yi: su walda kariya mai ƙarfi, su sa shokazoba da za ta iya da buhu biyu. Ka nemi izini a gida ka riƙa zama wurin ɗaya daga cikinsu ranar Asabar da lokacin hutu, ka ga yadda ake buɗe inji a mayar. Abin da malamin fizis ke zanawa a allo game da fistin za ka riƙe shi a hannunka, baƙi ƙirin da mai.

Kafin fitowa ta gaba, mu 'yan ƙungiya za mu zagaya wurin ajiye babura na bakin ƙofa mu ƙirga nawa ne ke da madubi biyu, nawa ke da ɗaya, nawa ne babu ko ɗaya. Ba za mu rubuta sunan kowa ba, adadin kawai za mu liƙa a nan. Wanda nasa ke ɓoye a ƙarƙashin gado yana da sauran mako guda, kuma da sifana ɗaya ake ɗaura shi.