Jamus Tana da Masana'antu, Dajin Rugu Fa?

Duk sa'ad da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye a Batsari ko Safana ko Jibiya, magana guda ce ke dawowa a majalisun Katsina: me ya hana a tura jirage su yi wa Dajin Rugu ruwan bama-bamai kowa ya huta? Ba 'yan zaman bakin titi kaɗai ke faɗin haka ba. A farkon 2022 Malam Nasir El-Rufa'i, yana gwamnan Kaduna, ya nemi a yi wa dazuzzukan luguden wuta baki ɗaya, itatuwa kuma a sake dasawa daga baya. In ka matsa wa mai wannan ra'ayi, sai ya kawo maka Yaƙin Duniya na Biyu, wai jirage ne suka durƙusar da Jamus. Rabin tarihin ya karanta.

Abin da Birtaniya da Amurka suka sa a gaba a wancan yaƙi masana'antu ne: gine-gine masu bututun hayaƙi, waɗanda ke kan taswira, ba sa kuma ƙaura cikin dare. Duk da haka, binciken da gwamnatin Birtaniya ta sa aka yi a 1941 ya gano cewa cikin jirage uku da suka ce sun kai hari, ɗaya tak ne ya kusanci wurin da aka nufa da mil biyar. A yankin masana'antu na Ruhr kuwa, ɗaya cikin goma. Da saiti ya gagara, sai aka koma ƙone garuruwan da ma'aikata ke kwana. A Yulin 1943 an kashe mutum kusan 40,000 a Hamburg cikin 'yan kwanaki, amma bayan 'yan watanni yawancin masana'antun birnin sun koma aiki. Jamus da ta ƙera jirage kimanin 15,000 a 1942, ta ƙera kusan 40,000 a 1944, bama-bamai na sauka a kanta dare da rana.

To ina masana'antar ɗan bindiga? Babur ne da bindiga da wayar hannu, sai bukkar da zai sake kafawa gobe. Kuma ba shi kaɗai ke cikin dajin ba. Akwai makiyayin da bai taɓa riƙe makami ba, akwai wanda aka sace ana jiran kuɗin fansarsa. Mun ma ga samfuri. A Fabrairun 2022 bam ya kashe yara bakwai a Nacade da ke jihar Maraɗi, dab da iyakarmu, gwamnan jihar ya ce jirgin Nijeriya ne ya yi kuskure. A ranar 3 ga Disamban 2023 jirgin soja marar matuƙi ya hallaka aƙalla mutum 85 a taron Maulidi a Tudun Biri. Wannan fa harin da aka ce an saita ne, ina ga na kan mai uwa da wabi?

Gaskiya ne jirage sun karya Jamus a ƙarshe, amma a lura da inda suka buga. Daga Mayun 1944 aka mai da hankali kan matatun mai, daga bisani kan layin dogo. Kafin ƙarshen shekarar, sababbin jiragen nan na jibge a ƙasa babu man tashi.

Wannan ne ɓangaren tarihin da ya shafe mu, shi ne kuma ba a son ji, domin ba a sama ake yin sa ba. Gwamnatin Masari ta taɓa shi a 2021, lokacin da ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi. Talaka ya ɗanɗana kuɗarsa, daga baya aka sassauta, babura kuwa ba su daina shiga daji ba. Man da ke cikin tankinsu daga wani gidan mai ya fito, mai lasisi da sunan mamallaki, ya kuma ratsa shingayen bincike kafin ya isa Rugu.