Ƙuri'ar Da Ta Ɓata Tsakanin Maɓalli Da Allo

Yau da labarin kunyar da na sha zan fara.

A zangon karatun da ya wuce an ba mu aikin gina ƙaramin shafin zaɓen shugaban aji da React, kayan aikin JavaScript ɗin nan da kamfanin Facebook ya sakar wa jama'a a 2013. A React ba a gina shafi dunƙule guda. Yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana ce mata kwamfonen. Nawa iri uku ne: katin ɗan takara mai maɓallin "Zaɓa", allon jimillar ƙuri'u, sai uwa wadda ta goya su duka.

Ranar gwaji abokina ya danna maɓallin sau biyar. Kati ya nuna 5, allo kuwa yana nan daram a kan 0. Ga shi saura kwana biyu a miƙa aiki!

Laifina ne. A cikin katin na ajiye ƙidayar, alhali kati da allo 'yan uwa ne, kuma a React 'yan uwa ba sa miƙa wa juna saƙo kai tsaye. Bayani daga uwa yake gangarowa zuwa 'ya'ya, ta abin da ake kira furops. Ɗa zai karanta abin da aka ba shi, amma ba shi da hurumin sauya shi.

To idan a hannun ɗa abu ya faru fa, kamar danna maɓalli? Nan ne daɗin yake. Uwa tana haɗa wa ɗan da wani fankshin nata cikin furops, tamkar ta ba shi lambar wayarta ta ce, "Duk wanda ya danna, ka kira ni." Da na mayar da ƙidayar wurin uwa, sai komai ya daidaita: an danna, kati ya kira uwa ya faɗa mata ɗan takarar da aka zaɓa, ta ƙara ɗaya, React ta sake zana kati da allo da sabon adadi. Gyaran bai kai layi goma ba, bayan na kwana ina zargin kwamfutata.

A Vue, wadda Evan You ya fitar a 2014, ɗa sanarwa yake yi uwa tana saurare. Ni dai hanyar React ta fi kwanta mini, domin ina ganin inda kowane kira ya dosa.

Wanda ba shi da kwamfuta ya ɗauko takarda ya zana shafin sakamakon jarrabawa: akwatin makin kowane darasi, da akwatin jimilla. A wane akwati za ka ajiye makin? Ku turo amsa kafin mako mai zuwa.