Ƙirga Takunka, Amma Kada Ka Tallata Hanyarka

'Yan'uwa, wata sabuwar al'ada ta shigo wa matasanmu da ma'aikata. Mutum ya fita tattaki da sassafe, wayarsa a aljihu, manhaja irin su Strava ko Samsung Health tana auna nisan da ya yi, tana kuma zana taswirar inda ya bi. Da ya dawo sai ya ɗora hoton taswirar a WhatsApp ko Facebook don a yaba masa.

Tattakin kansa abu ne mai kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Manomi da mai ɗebo ruwa sun wuce haka ba tare da waya ba, amma malamin makaranta da mai zaman shago, waɗanda babur ya raba su da tafiyar ƙafa, ƙirgen yana ƙarfafa su, yana taimaka musu wajen kauce wa hawan jini da ciwon suga. Abin da muke ja a kai shi ne tallata taswirar.

A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa taswirar da kamfanin Strava ya wallafa tana nuna sansanonin sojojin Amurka a Afganistan da Siriya, domin sojojin suna gudu da manhajar a kunne. In har manhaja ta tona asirin sojoji, ina ga malamin firamare a Faskari?

Mu mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ba sai an ba mu labari ba. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Kowa kuma ya san masu satar mutane ba sa zuwa da ka. Sai da ɗan gari mai kai musu rahoto. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Taswirar tattakinka tana faɗin ƙofar da ka fito, ƙarfe nawa, wace hanya, da inda kake zama kai kaɗai. Ka yi wa mai rahoto aikinsa kyauta.

Wasu za su ce ai wayar ce za ta nuna inda mutum yake in an ɗauke shi. A yi hattara. Wayar tana gane wurinta ta siginar taurarin ɗan'adam, ko babu sabis, amma ba za ta iya aika wa kowa ba sai da sabis. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu ukun, na tsawon watanni. Ko yau ma akwai ƙauyukan da sabis ba ya kaiwa, kuma wayar ce farkon abin da ake ƙwacewa.

Saboda haka, a rufe taswirar yadda kai kaɗai za ka gan ta. In za a nuna, a nuna yawan taku kawai. A fita biyu-biyu ko uku-uku, bayan gari ya waye, a cikin gari ko filin ƙwallo, a riƙa sauya hanya da lokaci, a kuma sanar da mutanen gida. Iyaye da shugabannin matasa a ikilisiyoyinmu su ja kunnen yara a kan wannan. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare fitarmu da shigarmu.