Wadda aka ɗinke wa yoyon fitsari, haihuwarta ta gaba ba ta gida ba ce

Maganarmu ta yau a kan wata mace ce wadda kusan kowane gari yana da irinta. Ta yi naƙuda kwana biyu ko uku a ɗaka, jinjiri ya zo babu rai, bayan ƴan kwanaki fitsari ya kama zubo mata dare da rana. Ta koma gidan iyayenta ta yi zaman kunya, wata shekara guda, wata shekara biyar. Daga baya aka kai ta asibiti, ko a Danja kusa da Maraɗi, inda aka buɗe gidan wannan aiki a 2012, ko a Damagaram, ko a Yamai. Aka ɗinke ta, ta komo gari da busasshen zane. An yi barka, mijinta ya maido ta ɗakinta. Yanzu tana son haihuwa, mijinta yana so, uwar miji ta fi kowa so.

Akwai masu cewa irin wannan mace ta haƙura da haihuwa ke nan har abada. Ni ban yarda da su ba. Da yawa daga cikin waɗannan mata ba su kai shekara 25 ba, kuma ba su da ɗa ko guda a raye. Wanda ya ce musu su haƙura bai san zaman ɗakin da babu goyo ba. In dai lokotoron da ya yi aikin bai hana ba, mace tana iya ɗaukar ciki, ta haihu lafiya, ɗinkinta yana nan. Amma akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ba na wasa ba ne: kada ta sake yin naƙuda. A shirya cikin tun kafin a same shi, a kuma ciro jinjiri a asibiti ta hanyar aikin fiɗa, a ranar da aka ajiye, kafin ciwon naƙuda ya taso.

Ga dalili. Lokacin doguwar naƙuda, kan jinjiri yana danne mafitsara, wato jakar fitsari, a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, bayan kwanaki ya zube ya bar ƙofa tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa. Lokotoro yana jawo naman da ya rage ya rufe ƙofar. Abin da ke wurin yanzu tabo ne, tabo kuwa ba ya miƙewa kamar nama mai lafiya. Duk macen da ta taɓa ɗinke tsohon buhu ta san inda yake fara yagewa in an cika shi. Ƙashin ƙugun da ya hana ɗan fari fitowa shi ma yana nan, ɗinki bai buɗa shi ba. Kuma aiki na biyu ya fi na fari wuya, na uku ya fi na biyu, domin kowane karo naman da za a kama yana raguwa.

A ƙasar Gine an bi sawun matan da aka ɗinke, aka fitar da sakamakon a 2017. Cikin mata 50 da suka sake haihuwa, 9 kaɗai aka yi wa fiɗar da aka shirya tun da wuri. Jarirai 12 suka zo babu rai, mata 7 yoyo ya komo musu wajen haihuwar. Ba wai matan nan ba su ji gargaɗi a asibiti ba ne. Sun ji. Amma gargaɗi a kunnen mace kaɗai ba ya tuƙa amalanke, ba ya sayar da akuya. Shi ya sa wannan magana ta fi shafar mazaje.

Shiri yana farawa tun ranar sallama daga asibiti. Ana gaya wa mace ta nisanci shimfiɗar miji wata 3 ko fiye, kuma yawancin lokotoro suna cewa kada ciki ya shiga sai an yi kamar shekara guda. Nan ne ake yawan faɗuwa. Matar da ta yi shekaru a wulaƙance tana tsoron ta ce wa miji ya dakata, kada ya ce ba ta warke ba, ko ya juya wajen abokiyar zama. Ba na ganin laifinta. Mijin ne ya kamata ya je da ƙafarsa ya ji bayani daga bakin ma'aikatan lafiya. Kuma a sani, mata da yawa haila tana ɗauke musu bayan wannan ciwo, sai su ɗauka ba za su yi ciki ba. Ciki yana iya shiga kafin a ga jinin fari. Don haka a karɓi maganin hutun haihuwa a gidan likita, ko ƙwaya, ko allura, ko wanda ake sa wa a damtse, har lokacin da aka ɗiba ya cika. Kafin a aje maganin, a koma inda aka yi aikin a duba ɗinki, a auna jini, a auna fitsari.

Takardar da aka ba ta a asibiti, a adana ta kamar takardar gona. Ranar awon ciki na fari, ita ce za a fara miƙa wa ungozomar likita. Kada kunya ta sa a ɓoye. Ungozomar da ba ta san an taɓa ɗinki ba za ta ɗauke ta kamar kowace mai ciki, ta ce ta zo in naƙuda ta fara.

Akwai kuma waɗanda an rufe ƙofar amma fitsari bai daina ɗiga ba sarai, in sun yi tari, ko sun ɗauki tulu, ko sun tashi tsaye. Wannan yana faruwa in mafitsara ta ƙanƙance ko bakinta ya yi rauni. In ciki ya tsufa ya danne ta, ɗigar tana ƙaruwa. Abin da mata suke yi shi ne su rage shan ruwa don kada zane ya jiƙe. Wannan dabara cuta ce. Fitsari kaɗan mai kauri ya fi wari, ya fi cin fata, yana tara tsakuwa a mafitsara, yana kuma kiwon ƙwayoyin cuta. Mai ciki ta sha ruwa mai tsabta da yawa, har fitsarinta ya yi fari, ta kuma riƙa zagayawa akai-akai, kada ta riƙe.

Ciwon fitsari ga mai ciki ba ƙaramin abu ba ne, kuma mafitsarar da ta taɓa rauni ta fi saurin kamuwa. Wani lokaci babu ko alama, sai awo ya nuna. In an bar shi yana hawa zuwa ƙoda, ya kawo masassara da rawar jiki da ciwon kwiɓi, yana iya tada naƙuda tun wata bai kai ba. A garuruwanmu kowace masassara sauro ake ɗora wa. Ga wannan mace, in jiki ya yi zafi a auna jini, a auna fitsari kuma. Kafson da masu talla suke yawo da shi a faranti, a bar musu kayansu. Akwai irinsa, kamar tetirasikilin, da ke ɓata haƙoran ɗan da ke ciki, kuma mai talla ba zai tambayi watan cikinki ba. Matan da ke aiki cikin ruwa a filayen noman rani, kamar na Jiratawa da na Ƙonni, in sun taɓa ganin jini a ƙarshen fitsari su faɗa. Tsargiya ce mai yiwuwa, ita ma mafitsara take ci shekara da shekaru, kuma tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya ba mai ciki maganinta.

Sauran abin da ake gaya wa kowace mai ciki ya hau kanta ita ma: ƙwayar ƙarin jini kullum, maganin riga-kafin masassara daga wata na huɗu, kwana cikin gidan sauro, da zuwa awo ba fashi.

Yanzu ga aikinka, mai gida. Da zarar ungozomar likita ta faɗi watan haihuwa, ka zauna ka yi lissafi yadda kake lissafin shuka. In watan ya faɗa tsakiyar damina, ka san ƙorama tana iya yanke hanya, rumbu kuma ya yi ƙasa. In ya faɗa rani, wataƙila kai kanka kana wajen cin rani, a Kano ko Abijan ko Libiya. Wa zai ce a tafi in ba ka nan? Mata da yawa sun kwana suna naƙuda don kawai babu mai ba da izini. Ka ba da izinin tun yanzu, a gaban mahaifiyarka da ƙanenka, da babbar murya. A 2005 gwamnati ta yi doka cewa fiɗar haihuwa kyauta ce a asibitocinta, amma doka ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da mai jinya, kuma wata rana a rubuto maka abin da za ka saya. Ka ware buhun wake tun kaka, ko ka ɗaure tunkiya da sunan wannan tafiya. Matar kuma, in tana cikin asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a Maraɗi a 1991, ta gaya wa ƴan ƙungiya watan da za ta bukaci rance. A kuma samu dangi biyu ko uku masu ƙarfi da za su ba da jini in an nema.

Ba kowane gidan likita ne yake fiɗa ba. A tambaya tun awon fari wane asibiti ne za a je. Ana yin aikin ne kamar mako guda ko biyu kafin ciki ya cika. Saboda haka in wata na takwas ya ƙare, ta bar ƙauye ta sauka gidan dangi kusa da asibitin. Na san barin gida wata guda da wuya, ga yara ga daka ga dabbobi. Amma wadda yoyo ya komo wa, ba wata guda take barin gida ba.

Za a samu tsohuwa da za ta ce a bari ta gwada da kanta, wai fiɗa ta raggaye ce, wai su sun haifi goma a kan gwiwa. A girmama ta, amma kada a bi ta. Ita ba ta da ɗinki a mafitsara. Kada kuma a yarda kowa ya kusanci matar da aska da sunan yankan gishiri, shi kansa yana cikin abin da ke kawo yoyo.

Abu guda da ya kamata matar ta riƙe. Wadda ta saba da jiƙewar zane tana iya ɗaukar fashewar faya a matsayin fitsarin da ta saba. In ruwan ya fi na kullum yawa, ko ba shi da warin fitsari, ko aka ga jini, ko mara ta fara murɗawa, ko ɗan ya rage motsi, ba a jiran ranar da aka ajiye, ba a jiran gari ya waye. A ɗauki takardar asibiti a kama hanya, kuma tun daga ƙofa a gaya wa ma'aikacin da aka fara gani cewa an taɓa yi mata ɗinkin yoyo.