Sa Lamba A Gurbin Harafi: Aikin Da Muke Rainawa

A darasin aljabra akwai wani aiki da yawancinmu ɗalibai muke yi wa kallon wasan yara, wato sa lamba a gurbin harafi. Malami ya rubuta f(x) = x² − 3x + 2 a allo, ya ce a nemo f(4). Kafin ya ajiye alli hannuwa sun tashi: 16 a cire 12, a ƙara 2, amsa 6. A ganinmu wannan raini yana cinye mana maki masu yawa a jarrabawa. Hausawa sun ce raina kama ka ga gayya.

Da farko, ya kamata mu san abin da f(x) ke nufi. Leonhard Euler, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, shi ne ya kawo wannan rubutu a shekarar 1734. Harafin f ba lamba ba ce da ake ninka x da ita, sunan ƙa'idar ne kawai. Ƙa'idar kuwa tamkar injin niƙa take: abin da aka zuba shi ne x, injin kuma aikinsa ɗaya ne, ko mene ne aka zuba masa. Duk inda x ta fito a cikin ƙa'idar, nan za a sa lambar, ba tare da an tsallake wuri ko ɗaya ba.

Matsalar tana tasowa ne idan lambar tana da alamar ragi. A ce an nemi f(−2). Mai gaggawa zai rubuta −2², ya sami −4, ya kuma ce −3 sau −2 shi ne −6, ya ƙare da −8. Amma wanda ya sa lambar cikin baka biyu zai rubuta (−2)² − 3(−2) + 2, wato 4 + 6 + 2, amsa 12. Dubi tazarar da ke tsakanin −8 da 12, alhali dukansu sun san ƙa'idar! Baka biyu ne kaɗai suka raba su.

Wasu za su ce ai lokacin jarrabawa ba ya jiran kowa, rubuta kowane mataki ɓata lokaci ne. Ba mu yarda ba. Layi guda ba ya cin ko rabin minti, kuma masu duba takardun WAEC suna ba da maki a kan hanyar da aka bi, ba a kan amsa kaɗai ba. Wanda ya yi aikinsa a ka, in ya kuskure, bai bar wa mai dubawa abin da zai tausaya masa da shi ba.

Bayan haka, da wannan aiki ne ɗalibi zai zama alƙalin kansa. Idan aka ce a warware x² − 3x + 2 = 0, ka sami 1 da 2, sai ka mayar da su: 1 − 3 + 2 ya ba da sifiri, 4 − 6 + 2 ma haka. Da −1 ka samu, za ka ga 6 ya fito, nan take ka san akwai gyara.

Kada kuma mu ɗauka abin ya tsaya a aji. Ma'aikaciyar jinya da ke juya awon zafin jiki da ƙa'idar F = 9C/5 + 32, idan ta sa 37 za ta sami 98.6, wato lafiya lau. Idan ta sa 40 za ta sami 104, zazzaɓi mai tsanani ke nan. Kuskure a nan ya wuce asarar maki.

Saboda haka muna roƙon malamanmu kada su karɓi amsa tsirara, ko da daidai ce. 'Yan'uwa ɗalibai, musamman ƙannenmu da ke fara aljabra, mu saba da abu uku: a rubuta ƙa'idar, a sa lambar cikin baka biyu, sannan a yi lissafin. Sannu ba ta hana zuwa.