Kun Taɓa Tambayarta Abin Da Take So?

Yau ina so in ja hankalinku a kan 'yan'uwanmu naƙasassu, waɗanda a yanzu ake kira masu buƙata ta musamman, tun ba ma 'yan mata ba.

Da wuya a sami unguwa a Babura ko Kazaure, ko ƙauyukan Roni da Gwiwa, wadda babu gurguwa ko makauniya ko kurma a cikinta. Muna tausaya musu ƙwarai, mukan miƙa musu tuwo da tsohon zane da kuɗin sabulu. To, amma wace ce a cikinmu ta taɓa zama ta tambayi irin wannan yarinya abin da take so ta zama? Sai mu yanke mata hukunci a bayan idonta, wasu su ɓoye ta a ƙuryar ɗaki don kunya, wasu su tura ta bara tasha. Alhali kuwa shan-inna ƙafa yake taɓawa, ba ya taɓa hankali.

Ni a ganina, abin da ya fi sadakar ƙofar gida amfani shi ne a haɗa mata mutanenta, watau mutum biyar ko shida da ita ta zaɓa da bakinta, su riƙa zama da ita lokaci lokaci, ta faɗi burinta, su kuma su taya ta neman hanya.

An gwada wannan an ga amfaninsa. A birnin Toronto na ƙasar Kanada an yi wata mata, Judith Snow, wadda ba ta iya tafiya ko ɗaga hannu, ga ta da digiri na biyu, amma aka ajiye ta a asibitin masu doguwar jinya saboda babu mai kula da ita a gida. A shekarar 1980 abokanta, ciki har da wata malama Marsha Forest, suka haɗu suka fito da ita, suka matsa wa hukuma har aka riƙa ba ta kuɗin ɗaukar masu hidimarta da kanta. Ta rayu har 2015 tana koyarwa tana rubuce-rubuce, daga nan kuma wannan dabara ta bazu zuwa Amurka da Ingila.

Mu kuwa ai ba sai an koya mana ba. Mu ne masu adashi, mu ne masu ƙawayen biki da ke haɗa gudummawa, mazanmu kuma sun san gayya a gona. Abin da ya rage shi ne mu juya wannan hali wajen 'yar'uwarmu.

A ce yarinya ce gurguwa a Babura, ta gama firamare tana son ta wuce sakandare. Sai ta zaɓi uwarta, da gwaggonta, da wata malama, da ƙawarta ta aji, da wani dattijo da ake jin maganarsa. A zauna sau ɗaya a wata, bayan an gama aikin gida. Ita za ta fara magana, saura su kasa kunne. Ƙawar ta ɗauki littafi ta rubuta abin da aka shirya. Sa'an nan kowa ya ɗauki aiki guda: malama ta ga shugabar makaranta a kan a sa ta a ajin da babu matakala, dattijo ya shawo kan mahaifinta, gwaggo ta ware kwasar adashi ɗaya don keken guragu irin wanda ƙungiyar masu shan-inna ke ƙerawa a Kano, ƙawa kuma ta riƙa biyo mata da safe. Wata na zagayowa a buɗe littafi, a ga wanda ya cika alkawari. Wadda ɗinki take so ko saƙa ko sayar da ƙuli-ƙuli, haka za a bi. In kurma ce ko makauniya, a bincika makarantarsu, irin ta Tudun Maliki a Kano.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Na farko, kada masu taimako su zama masu mulki. In ta ce karatu, kada a ce mata aure ya fi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, kuɗinta ya zauna a hannunta, sirrinta kuma kada ya zama abin hira a gidan suna.

Na san wata za ta ce ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, tana da nata kason. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan wasu naƙasassun Jigawa Naira 7,000 a wata. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna musu bambanci, ta ba su ilmi kyauta har sakandare, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati, ta kuma haramta amfani da su wajen bara. Amma doka ba za ta tako har tsakar gida ba. Sai an sami mai cika takarda, da mai raka yarinya ofis, da mai komawa gobe in an ce a dawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku raina kanku. Tura keken 'yar ajinku, ko karanta wa makauniya darasi, ko koyon maganar hannu don ku yi hira da kurma, duk babban aiki ne. Tun 2021 aka kafa jami'ar fasaha ta tarayya a Babura. Me zai hana ku shiga tare da ita?

Saboda haka 'yar'uwa, kafin wannan mako ya ƙare, shiga wajen wadda kika sani, ki zauna kusa da ita, ki tambaye ta abin da take so da mutanen da ta amince da su. In ta yi shiru kada ki gaji, wataƙila ba a taɓa yi mata wannan tambaya ba.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun sake saduwa.